Gawa a Gidan Jama'a: Tarihin Labaran Binciken Laifi na Ƙasashen Skandinabiya

Ƙasashen da ke can ƙuryar arewacin Turai suna cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci a duniya. A Danmak da Norwe da Suwidin, abin da ake ƙirgawa a shekara wajen mutum 1 ne cikin 100,000, wani zubin ma bai kai haka ba. Amma duk wanda ya duba rumbun littattafan da Faransawa ke kira roman policier, wato ƙagaggun labaran binciken laifi, zai tarar da marubutan waɗannan ƙasashe sun cika layi guda: Mankell, Larsson, Nesbø, Läckberg, Indriðason da sauransu. A cikin littattafan nan gawa ba ta yankewa, ana tsintar ta a cikin dusar ƙanƙara, a bakin teku, a ƙarƙashin gada. Dalilin da ya sa mutanen da ke zaune lafiya suka zama gwanayen ba da labarin kisa yana da tarihi, kuma tarihin ya fi kusa da siyasa fiye da yadda mai karatu zai zata da farko.

In aka bi ƙa'ida, Skandinabiya ƙasa 3 ce, Danmak da Norwe da Suwidin. Masu sayar da littattafai kuwa ba su damu da wannan iyaka ba, sukan haɗa da Aislan da Finlan.

Tushe

Turawan Ingila da Amurka sukan ce Edgar Allan Poe ne ya haifi labarin binciken laifi a shekarar 1841. Mutanen arewa suna da ta cewa. Tun a 1829 wani limamin coci ɗan Danmak, Steen Steensen Blicher, ya rubuta labarin limamin ƙauyen Vejlby, wanda ya gina a kan wata shari'a ta gaskiya da aka yi a 1626. A cikin labarin, an zargi limami mai saurin fushi da kashe baransa, shaidu suka taru a kansa har shi da kansa ya yarda cewa ya aikata, aka sare masa kai. Bayan sama da shekara 20 sai ga baran ya dawo da ransa. Alƙalin da ya yanke hukuncin kuwa shi ne mai neman auren ɗiyar limamin. Abin lura a nan shi ne, labarin farko da yankin ke alfahari da shi labari ne na hukuma da ta yi kuskure, ta kashe marar laifi da hannun shari'a. Kamar shekara 10 bayan haka, Maurits Hansen na Norwe ya fitar da nasa labarin a kan ɓacewar wani maƙerin injuna mai suna Roolfsen.

Norwe ta sake ba da wani abu mai ban dariya a 1923. Gab da bikin Ista, wata maɗaba'a ta saka talla a shafin farko na jaridar Aftenposten, da manyan baƙaƙe masu cewa an yi wa jirgin ƙasa na Bergen fashi cikin dare. Mutane da yawa suka ɗauka labari ne na gaske, alhali kuwa sunan sabon littafi ne da samari biyu, Nordahl Grieg da Nils Lie, suka rubuta. Littafin ya sayu, daga nan kuma karanta labarin laifi a hutun Ista ya zama al'ada a ƙasar.

A Suwidin, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, salon Ingila ne ya yi tashe: gida mai kyau, baƙi kaɗan, gawa ɗaya, sai mai basira ya warware ƙulli a babin ƙarshe. Wadda ta fi shahara a wannan fage ita ce Maria Lang, sunanta na gaskiya Dagmar Lange, malamar makarantar ƴan mata a Stokholm, wadda ta fara a 1949 ta kuma rubuta littafi sama da 40. Labaranta suna da daɗi, amma laifi a cikinsu tamkar tabo ne a farar riga, da an wanke shi ke nan.

Shekara 10, littafi 10

Kafin a fahimci abin da ya faru a 1965, sai an san kalma ɗaya ta siyasar Suwidin. A 1928 shugaban jam'iyyar Soshal Dimokurat, Per Albin Hansson, ya yi jawabi a majalisa inda ya kamanta ƙasa da gida nagari, wanda babu ɗan mowa babu ɗan bora a cikinsa. Suka kira wannan manufa folkhemmet, ma'ana gidan jama'a. Jam'iyyar ta hau mulki a 1932, kuma in ban da ƴan watanni a 1936 ba ta sauka ba sai a 1976. A tsawon wannan lokaci, ƙasar da talakawanta suka riƙa gudun yunwa zuwa Amurka a ƙarni na 19 ta zama abin misali a duniya: makaranta kyauta, asibiti ga kowa, fansho ga tsoho, aiki ga mai ƙarfi. Tsakanin 1965 da 1974 an gina gidaje kusan miliyan 1, aka kuma rushe wani babban ɓangare na tsohuwar tsakiyar Stokholm domin a kafa benaye na siminti da gilashi.

A daidai wannan lokaci na alfahari ne wasu ƴan jarida biyu, Maj Sjöwall (1935–2020) da abokin zamanta Per Wahlöö (1926–1975), suka ƙulla wata niyya. Dukansu masu ra'ayin Markisanci ne, kuma sun lura cewa littafin siyasa tsantsa ƴan boko kaɗan ne ke karanta shi, labarin ƴan sanda kuwa har direba da mai gadi suna saye. Sai suka tsara littafi 10, ɗaya a kowace shekara, kowanne da babi 30, dukansu a ƙarƙashin suna guda: Labarin Wani Laifi. Laifin da suke nufi shi ne abin da suke ganin masu mulki sun yi wa ma'aikata da talakawa, wato an yi musu alkawarin gida, aka ba su siminti da kaɗaici. Da dare suke aiki bayan yara sun kwanta, kowa ya rubuta babi nasa, sa'an nan su yi musaya, kowa ya buga na ɗan'uwansa a keken rubutu yana gyarawa, har ya zama ba a iya gane hannun wannan daga na wancan.

Littafin farko, Roseanna (1965), ya fara da injin yashe da ya tono gawar wata mata daga mashigin ruwa na Göta, kusa da garin Motala. Ba a san sunanta ba, ba a san ƙasarta ba. Watanni suka wuce kafin a gano cewa baƙuwa ce ƴar yawon buɗe ido daga Amurka. Babu wani haziƙi da ya zauna a kujera ya warware lamarin da tunani kaɗai. Abin da ake gani shi ne ma'aikata masu gajiya suna aika wasiƙu, suna jiran amsa, suna tattara hotunan da fasinjojin jirgin ruwa suka ɗauka, suna shan kofi mai yawa. Jagoransu Martin Beck mutum ne mai ciwon ciki da yawan mura, aurensa ya yi sanyi, abin da ke ɗebe masa kewa kawai shi ne haɗa ƙananan jiragen ruwa na wasa. A gefensa akwai Kollberg mai ƙiba da ya ƙi ɗaukar bindiga, da Gunvald Larsson ɗan masu kuɗi marar ladabi, da Melander da ba ya mantuwa. Wanda ya saba da kwamishina Maigret na Simenon zai ga kama wajen haƙuri, sai dai Maigret shi kaɗai ne tauraro, a nan kuwa ƙungiya ce ke aiki, kamar yadda yake a wajen Ba'amurke Ed McBain, wanda suka fassara wasu littattafansa.

Dabararsu ita ce su fara a hankali. A littattafan farko siyasa tana ɓoye, sai daga baya ta riƙa fitowa fili. Littafi na 4, wanda Faransawa suka sa wa suna Le Policier qui rit (1968), ya buɗe da ƴan sanda suna dukan masu zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam a gaban ofishin jakadancin Amurka, a daren da wani ya buɗe wuta cikin motar safa ya kashe mutum 9. Ya ci kyautar Edgar ta Amurka a 1971. Littafi na 7 kuwa, L'Abominable Homme de Säffle (1971), shi ne mafi ɗaci a cikinsu. An kashe wani babban ɗan sanda a gadon asibiti, bincike ya nuna mamacin azzalumi ne da ya shekara da shekaru yana gallaza wa mutane, kuma wanda ya kashe shi tsohon ɗan sanda ne da matarsa mai ciwon sukari ta mutu a ɗakin tsaro domin an ɗauke ta mashayiya. Ya rubuta ƙara bayan ƙara, ba wanda ya saurare shi. A nan ne tambayar da za ta bi dukan wannan adabi ta fito sarai: idan hukumar da aka kafa domin kare mutum ita ce ta cuce shi, wurin wa zai kai kuka?

Ba za a ce aikin nasu ba shi da aibi ba. A littattafan ƙarshe wa'azin siyasa yakan yi yawa har ya danne labari, manyan ƴan sanda kuma sukan koma tamkar wawayen wasan kwaikwayo. Wahlöö ya rasu a 1975, shekarar da littafi na 10 ya fito, wanda kalmarsa ta ƙarshe sunan Marx ce. A cikin wannan littafi, Les Terroristes, an harbe firaministan Suwidin, abin da masu karatu na wancan lokaci suka ɗauka zuƙi-ta-malle ce kawai.

Bayan Palme

Daren 28 ga Fabrairu 1986, firaminista Olof Palme ya fito daga gidan silima tare da matarsa, ba dogari ko ɗaya, suna tafiya a ƙasa kan titin Sveavägen a tsakiyar Stokholm, sai wani ya harbe shi ta baya ya gudu. Binciken ya zama abin kunya. An ɓata watanni ana bin sawun Kurdawa ba tare da hujja ba. A 1989 kotu ta ɗaure wani mutum, kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi a wannan shekara. Sai a 2020 mai gabatar da ƙara ya rufe fayil ɗin, yana nuna wani da ya riga ya mutu tun 2000, don haka ba a taɓa yin shari'ar da ta tabbatar da mai laifi ba. Ƙasar da ta yarda da hukumarta kamar yadda yaro ke yarda da uba ta ga an kashe shugabanta a titi an kuma kasa kama wanda ya yi. Marubuta da dama sun koma kan wannan rauni, musamman Leif G. W. Persson, masanin ilimin laifuka da ya yi aiki da hukumar ƴan sanda.

Wanda ya gaji kujerar Martin Beck shi ne Kurt Wallander na Henning Mankell (1948–2015). Mankell ya raba rayuwarsa tsakanin Suwidin da Mozambik, inda ya yi aiki da gidan wasan kwaikwayo na Teatro Avenida a Maputo tun daga tsakiyar shekarun 1980. Da ya koma gida bayan doguwar zama a Afirka, sai ya tarar ƙyamar baƙi ta yi ƙarfi, ya yanke shawarar rubutu a kanta. Tun da a ganinsa wariyar launin fata laifi ce, sai ya nemi ɗan sanda, ya buɗe kundin lambobin tarho ya tsinci sunan Wallander. A Meurtriers sans visage (1991) an yi wa wasu tsofaffin manoma, mata da miji, kisan gilla a karkarar Skåne. Kafin matar ta cika ta furta kalma ɗaya mai nufin baƙo. Maganar ta fita waje, aka kai wa sansanin ƴan gudun hijira hari, aka harbe wani ɗan Somaliya da bai san hawa ba bai san sauka ba. Littafin ya fito a shekarar da wata jam'iyya mai ƙin baƙi ta shiga majalisa, kuma a shekarar da wani ɗan bindiga ya fara harbin mutane masu kama da baƙi a Stokholm. Shi ne ya fara cin kyautar Mabuɗin Gilashi, wadda ake bai wa littafin laifi mafi kyau na yankin, a 1992.

Wallander ɗan sanda ne a ƙaramin garin Ystad, matarsa ta rabu da shi, tsakaninsa da ɗiyarsa Linda sai a hankali, yana cin abincin kan hanya har ciwon sukari ya kama shi. Mahaifinsa mai zane ne da ya kwashe rayuwarsa yana zana hoto iri ɗaya, faɗuwar rana a daji, wani da zakaran daji a ciki wani babu. Mankell ya jawo duniya cikin wannan ɗan gari: La Lionne blanche (1993) ya haɗa Ystad da wani makirci na kashe Nelson Mandela. A littafin ƙarshe, L'Homme inquiet (2009), marubucin bai kashe jaruminsa da harsashi ba, ya bar shi yana nutsewa cikin ciwon mantuwa. Kaɗan ne cikin masu wannan sana'a suka yi wa ɗan sandansu irin wannan ƙarshe mai ban tausayi.

A shekarun nan ne sauran ƙasashen suka shigo da ƙarfi. Ɗan Danmak Peter Høeg ya fitar da labarin Smilla a 1992, mace mai uwa ƴar Girinlan da uba ɗan Danmak, wadda ta karanta sawun wani yaro a kan dusar ƙanƙara ta gane ba faɗuwa ya yi da kansa ba. Ta bakinta ne aka tuna wa Danmak cewa ita ma ta yi mulkin mallaka. A Norwe, Anne Holt ta fara a 1993, ta kuma riƙe muƙamin ministar shari'a na ƴan watanni tsakanin 1996 da 1997. Karin Fossum ta biyo a 1995 da sufeto Sejer, ita ce kuma ta fi kowa sha'awar shiga zuciyar mai laifi. Jo Nesbø, tsohon ɗan ƙwallon ƙafa, mawaƙi kuma dillalin hannun jari, ya ƙirƙiro mashayin sufeto Harry Hole a 1997. Littafinsa Rouge-Gorge (2000) ya tono abin da Norwe ba ta son tunawa, wato ƴan ƙasar da suka yi yaƙi a sahun sojojin Hitila, cikinsu har da mahaifin marubucin. Aislan kuwa, tsibirin da mutanensa ba su kai 300,000 ba a lokacin, ta ba da Arnaldur Indriðason da sufetonsa Erlendur, wanda ƙanensa ya ɓace cikin guguwar ƙanƙara tun suna yara, ya sa duk wani ɓataccen mutum ya zame masa nasa. La Cité des jarres (2000) ya taɓa muhawarar da ake yi a ƙasar a kan tattara bayanan jini da asalin dukan jama'a a hannun kamfani guda.

Millénium da abin da ya biyo baya

Stieg Larsson ɗan jarida ne da ya sadaukar da rayuwarsa ga bin diddigin ƙungiyoyin ƴan Nazi, yana cikin waɗanda suka kafa mujallar Expo a 1995. Da dare yake rubuta ƙagaggun labarai. Ya miƙa littafi 3 ga maɗaba'ar Norstedts, sai ciwon zuciya ya ɗauke shi a ranar 9 ga Nuwamba 2004 yana da shekara 50, bai ga ko ɗaya a buge ba. Sun fito a 2005 da 2006 da 2007. Sunan na farko a harshen Suwidin yana nufin maza masu ƙin mata. Masu fassara zuwa Faransanci a Actes Sud sun ɗan sassauta, suka ce mazan da ba su son mata. Na Ingilishi kuwa sun watsar da sunan gaba ɗaya suka koma maganar yarinya mai zanen dodo a jiki, wanda ya kawar da ido daga masu laifi ya mai da shi kan jikin wadda aka cuta. Malamin da ke koyar da fassara yana da darasi guda cikakke a cikin waɗannan sunaye 3.

Ƙarfin littattafan yana ga Lisbeth Salander, gwanar kutse cikin kwamfutoci, wadda hukuma ta kulle a asibitin mahaukata tana ƙarama, ta ayyana ta marar iya riƙe kanta, ta ɗora mata waliyyi, waliyyin kuma ya yi mata fyaɗe. Larsson ya ce ya yi tunanin yadda Pippi, jarumar littattafan yara na Astrid Lindgren, za ta kasance in ta girma. Wannan hoto na gwamnati mai kulawa da ta zama mai danniya ba daga iska ya zo ba. A 1997 jaridar Dagens Nyheter ta tayar da maganar cewa tsakanin 1935 da 1975 an yi wa mutum wajen 63,000 aikin hana haihuwa a Suwidin, mafi yawansu mata, da yawa kuma bisa tilas ko matsin lamba. Ɗan Danmak Jussi Adler-Olsen ya ɗauki irin wannan batu a littafinsa na 2010 a kan tsibirin Sprogø, inda aka tsare matan da aka ce ba su da tarbiyya daga 1923 zuwa 1961.

Jerin Millénium ya wuce kwafi miliyan 100, in aka haɗa da ci gaban da David Lagercrantz ya rubuta daga 2015 zuwa 2019, kafin Karin Smirnoff ta karɓa a 2022. Dukiyar ta haifar da rigima. Larsson ya zauna da Eva Gabrielsson sama da shekara 30 ba su ɗaura aure ba, domin a cewarta rajistar aure za ta bayyana adireshinsu ga masu yi masa barazana. Bai bar wasiyya mai inganci ba, dokar Suwidin kuma ba ta ba abokin zama gado, sai komai ya tafi ga mahaifinsa da ƙanensa.

Daga nan kasuwa ta buɗe baki. Talabijin ta Danmak ta fitar da Forbrydelsen a 2007, inda aka kwashe kashi 20 ana binciken kisa guda, ana nuna baƙin cikin iyayen yarinyar daidai da aikin sufeto Sarah Lund. A 2011 aka yi Bron, wanda ya fara da gawa a kwance daidai kan iyakar ƙasa biyu, bisa gadar Öresund da aka buɗe a 2000. Maɗaba'un Turai suka shiga farautar duk wani suna mai kama da na arewa. Camilla Läckberg da ƙauyenta na masunta, Fjällbacka, ta sayar da miliyoyi tun daga 2003, ko da yake labaranta sun fi kusa da Maria Lang fiye da Martin Beck. Da yawa daga abin da aka buga a wannan guguwa kwaikwayo ne kawai: ɗan sanda mai shan giya, dusar ƙanƙara, gawar mace da aka azabtar fiye da kima, sai ɗan sukar gwamnati da aka barbaɗa kamar gishiri. Abin da Sjöwall da Wahlöö suka ƙera domin yaƙar jari-hujja ya zama ɗaya daga cikin hajojin da yankin ya fi fitarwa waje, har garin Ystad yana zagayawa da baƙi su ga titin da aka ce Wallander yana zaune.

A halin da ake wannan ciniki, laifi na gaske ya sauya kama. A ranar 22 ga Yuli 2011 wani ɗan Norwe mai tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi ya kashe mutum 77 a Oslo da tsibirin Utøya, irin mutumin da mujallar Expo ta daɗe tana gargaɗi a kansa. A Suwidin kuma faɗan ƙungiyoyin masu fataucin ƙwaya ya tsananta, har a 2022 harsashi ya kashe mutum sama da 60. Marubucin da ya riga kowa hango wannan shi ne Jens Lapidus, wanda ya yi aikin lauya mai kare waɗanda ake tuhuma, a littafinsa na 2006 mai suna Snabba cash, wato kuɗin gaggawa. Ya ajiye sufeto mai gajiya a gefe, ya ba da labari ta bakin masu laifin kansu: ɗalibi ɗan ƙauye mai kwaikwayon ƴaƴan masu kuɗi, da ɗan asalin Cile da ya tsere daga kurkuku, da ɗan Sabiya mai karɓar kuɗin tilas, kowa da irin harshen da ake yi a titinsa. Unguwannin bayan gari da wannan harshe ya taso a cikinsu, irin su Rinkeby da Tensta, suna cikin gidaje miliyan ɗayan nan da aka gina a shekarun da Martin Beck ke yawo a titunan Stokholm.